Fitsarin zuma

Kafin a ƙera na'urar da ake soka wa a yatsa, kiyashi ne ke gano masu ciwon sukari. Tsofaffin littattafan likitancin Indiya, irin wanda ake dangantawa da Sushruta, sun lura cewa akwai marasa lafiyar da ƙwari ke yi wa fitsarinsu dandazo. Suka raɗa wa cutar suna madhumeha, wato fitsarin zuma.

Turai ta makara ƙwarai. Sai a 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya rubuta cewa fitsarin irin waɗannan majinyata yana da zaƙi kamar an zuba masa zuma, kuma a zamaninsa babu hanyar sanin haka sai ta harshe. Daga baya aka liƙa wa sunan cutar kalmar Latin mellitus, mai nufin abin da aka zaƙaƙa da zuma. A 1776 Matthew Dobson, a Libaful, ya ƙafar da fitsarin wani majinyaci, ya samu ɓarɓashi mai kama da sukari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya tarar ruwan jinin mutumin ma da zaƙi. Ashe matsalar a jini take, ƙoda tacewa kawai take yi.

An samu insulin a Toronto a 1921. Shekara sittin bayan haka, a wannan birnin dai, David Jenkins da abokan aikinsa suka ciyar da mutane abinci iri-iri, suna auna yadda kowanne ke ɗaga sukarin jini. Suka ba gulukos maki 100. Sukarin shayi ya samu 59, zumar da suka gwada kuwa 87. Gwaje-gwajen baya sun ba wasu zumomin maki ƙasa da haka sosai, domin abin ya danganta da furen da ƙudan zuma suka sha. Inda furuktos ya rinjayi gulukos, tashin yakan zo a hankali.

Duk da haka, kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyin zuma sukari ne tsagwaronsa. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Mai ciwon sukari a Kano ko Maraɗi yakan ture kwalin sukari gefe, ya tsiyaya zuma cokali uku a kofin shayi, hankalinsa kwance cewa ya bi umarnin likita. Zumar tana iya zama ta gaskiya, daga amya aka tatso ta, ba wanda ya gauraya ta da komai. Bayan awa ɗaya, na'urar yatsa za ta nuna abin da kiyashi suka nuna wa likitocin Indiya.