Kwana Takwas a Bahar Maliya: Ƙetarewar Ibn Jubair, 1183

A ƙarni na 12, lokacin da mayaƙan Salibiyya suka tare hanyar ƙasa ta wajen Sham, sai yawancin alhazan Masar da na Magrib suka koma bin Kogin Nilu zuwa garin Ƙus, daga nan su ratsa hamada har Aizab a gaɓar Bahar Maliya. Ta wannan hanya ce Ibn Jubair, magatakardan gwamnan Garnaɗa ta Andalus, ya bi a shekarar 1183, kuma littafin tafiyarsa yana cikin mafi ingancin shaidun da suka rage game da zaman matafiya a jiragen wancan zamani.

Jirgin da ake kira jalba ba shi da ƙusa ko ɗaya. Ana ɗinke allunansa ne da igiyar zaren ɓawon kwakwa, a toshe kafofin da ɓarɓashin itacen dabino, sa'an nan a shafe shi da man shanu, ko man zurma, ko man wani babban kifi da Larabawa ke kira ƙirshi. Filafilansa kuwa saƙar kabar goriba ce. Wanda bai san tekun ba zai ce ganganci ne, amma masu jiragen suna da hujjarsu: ruwan cike yake da duwatsun murjani, jirgin da ke lanƙwasawa kuwa ya fi jure karo.

Babban haɗarin daga mutane yake. Masu jirgi sukan so su fanshe kuɗin da suka kashe a tafiya guda, don haka sukan loda alhazai har wani kan wani, abin da Ibn Jubair ya kwatanta da akurkin kaji. A cikin wannan matsi, da zafin watan Yuli, mutum zai ci guzurinsa, ya yi salla, ya yi barci.

Sun shiga jirgi ranar 18 ga Yuli. Har sun fara hango duwatsun Hijaz, sai hadari ya taso, guguwa ta yi ta jifa da su cikin duhu, ba wanda ya san inda aka dosa. Bayan ta lafa suka fake a wani tsibiri, daga nan suka riƙa bin gaɓa sannu a hankali, matuƙi yana zare jirgin tsakanin duwatsu da gwanintar da ta ba marubucin mamaki. Sai ranar 26 ga wata suka sauka Jidda. Tazarar da ba ta wuce kimanin kilomita 300 ba ta ci musu kwana 8.

Komowa ta fi muni, domin iska takan kora jirage kudu da Aizab, ta zubar da alhazai a busasshiyar gaɓa, inda ƙishirwa ta kashe da yawa. Bayan da Aizab ta mutu a ƙarni na 15, Sawakin ta gaje ta, kuma daga can ne alhazan ƙasar Hausa da Barno masu tafiyar ƙasa suka riƙa ƙetarawa, wasunsu a jiragen filafili da ake kira sambuk, har cikin ƙarni na 20.