Yadda ake ceto bayanai daga rumbun kwamfuta da ya fara lalacewa

A watan Yunin 2011, rumbun adana bayanai na kwamfutar Lois Lerner, babbar jami'a a hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, da ke birnin Washington, ya tsaya cak. Ƙwararrun hukumar sun yi iya bakin ƙoƙarinsu, abin ya ci tura, daga bisani aka lalata rumbun.

Daga baya majalisar dokokin ƙasar ta buƙaci saƙonninta na imel a wani bincike, kuma shekara uku bayan lalacewar rumbun aka shaida mata cewa na fiye da shekara biyu sun salwanta. Daga bisani an samo wasu daga cikinsu a kaset-kaset ɗin ajiya. Su ma kaset-kaset ɗin, bincike ya gano an goge guda 422 a watan Maris na 2014.

Abin da ya gagari hukuma mai irin wannan ƙarfi yana iya samun ɗalibi da kundin digirinsa, ko ɗan kasuwa da lissafin bashinsa.

A cikin rumbun akwai faya-fayai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wata 'yar allura ce ke karantawa da rubutawa, tana shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba, kuma tazarar da ke tsakani ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Faɗuwa, ko zafi mai tsanani, ko ɗaukewar wutar lantarki ba zato, duk suna iya jawo matsala. Da zarar allurar ta goga faifai, ta kankare bayanan da ke wurin ke nan.

Rumbu kan yi gargaɗi kafin ya mutu. Kwamfuta ta riƙa nauyi, fayiloli su ƙi buɗuwa, ko a ji wata ƙara ƙyas-ƙyas daga ciki. Idan ƙarar ta fara, a kashe kwamfutar nan take, domin kowane juyi ƙara ɓarna yake yi.

Idan rumbun bai kai ga haka ba, matakin farko shi ne kwafe shi ɗungurungum zuwa wani sabo, kafin a yi maganar gyara. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, tana fara kwashe sassan da ke da lafiya, sannan ta koma kan masu rauni. A kan wannan kwafin ake sakin manhajoji irin su PhotoRec da TestDisk su nemo fayilolin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora manhajar ceto a kan rumbun da ake son cetowa, ko sake zuba masa Windows, alhali sabon rubutu yana danne tsohon.

Shawarar nan da ake yawan bayarwa ta saka rumbu a firiza ba abin bi ba ce, don raɓa kan taru a kan faya-fayan. Haka ma kwance shi a kan teburin shago: ƙwayar ƙura ɗaya ta isa, balle a lokacin hunturu a Kano ko Maraɗi. Kamfanonin da suka ƙware suna buɗe shi ne a ɗaki na musamman mai tace iska, su sauya allurar da ta wani rumbu irinsa. Aikin yana da tsada ƙwarai.

Muddin fuskar faifan ba ta kankaru ba, akwai sauran fata. Lokacin da kumbon Columbia ya tarwatse a sararin samaniyar Texas ranar 1 ga Fabrairun 2003, an tsinci wani rumbu samfurin Seagate a ƙone. Injiniyoyin kamfanin Kroll Ontrack sun ciro kashi 99 cikin 100 na bayanansa, saboda ɓarnar ta faɗa ne a ɓangaren da ba a rubuta komai ba. A 2008 aka wallafa sakamakon gwajin kimiyyar da ke ciki.

Sababbin kwamfutoci masu rumbun SSD ba su da faifai ko allura, saboda haka ba sa yin ƙara. Sukan mutu ba sallama, kuma fayil ɗin da aka goge a cikinsu da wuya ya dawo.