Ƙyauren zuciya a cikin kube

A Koki na tashi, kuma ko yaro a unguwarmu ya san fatar da ta jemu. In ka shiga Kurmi wajen dukawa za ka ga baduku ya naɗe fata a tafin hannunsa ya sake ta, ta miƙe ba tsaga ba tabo. Da na fara aiki a ɗakin gwajin kayan zuciya sai na tarar da irin wannan gwajin ake yi: tantanin zuciyar saniya ko na alade, an jeme shi da sinadarin gulutaraldehaid, an ɗinka shi da hannu a jikin ragar ƙarfe, ana so a matse shi ya shige bututu, ya isa zuciya, ya buɗe lafiya.

Mutane suna yabon ƙyauren, wato bawul ɗin da ke buɗewa jini ya wuce ya kuma rufe. Mu da muka yi aikin mun san inda gizo ke saƙa: hanyar da za a kai shi. Muna auna kaurin bututu da ma'aunin Faransa, kowane uku milimita ɗaya, kuma duk tarihin sana'armu yaƙi ne da wannan lamba.

Henning Rud Andersen, likita a Aarhus ta ƙasar Denmak, shi ya fara a 1989. Ya lanƙwasa waya da hannunsa, ya ɗinka mata bawul ɗin alade da ya samo wajen mahauci. Bututunsa ya kai 41, kusan milimita 14, har sai da ya tsaga cikin aladen da yake gwaji a kansa kafin ya sami jijiyar da za ta ɗauka. Sai a 1992 aka yarda aka buga sakamakonsa. A shekarar 2000 Philipp Bonhoeffer ya sa wa wani yaro ɗan shekara 12 bawul a Paris, wanda aka yi da jijiyar wuyan saniya. Ranar 16 ga Afrilu, 2002, a Rouen, Alain Cribier ya sa na babbar jijiyar zuciya ga wani mutum ɗan shekara 57 da likitocin tiyata suka ce ba zai jure wuƙa ba. Bututun ya sauko zuwa 24, amma hanyar zagaye ce mai haɗari: ta jijiyar da ke mayar da jini, a huda bangon tsakiyar zuciya, a ratsa wani bawul kafin a isa. John Webb na Vancouver ne ya sauƙaƙa ta a 2005, da bututun da ake tanƙwara bakinsa daga hannu, ya bi jijiyar cinya ya zagaye bakan babbar jijiya.

Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. Gidan Edwards, da ya sayi kamfanin su Cribier a 2004 kan dala miliyan 125, yana matse raga da mamatsi mai haƙora a kewaye, suna tsukewa lokaci ɗaya kamar ƙwayar ido a cikin rana, sannan a hura balan-balan a buɗe ta. Dabararsu da ta fi burge ni ita ce da suka daina matse bawul a kan balan-balan, suka matse shi a bayansa, sai an shiga jiki a ja a haɗa su. Da wannan, da sauya ƙarfe zuwa kobalt-kuromiyam, aka sauko 18. Daga baya aka zo da kube mai buɗewa ya koma, aka kai 14.

Ɗaya gidan, CoreValve, da Medtronic ta saya a 2009, ya dogara ne ga naitinol, ƙarfen da ke laushi cikin sanyi, in ya ji ɗumin jiki ya koma siffarsa. A nan na fi daɗewa. Ana ɗora shi a cikin kwanon ruwan gishiri mai ƙanƙara, a tura shi ta mazurari, a saƙala kunnuwansa, a ja kube a hankali ya haɗiye shi. Yatsu suna mutuwa don sanyi. Karona na farko na yi gaggawa, gefen ragar ya naɗe ciki, sai a hoton haske muka gani. Da a jikin mutum ne, da bawul ɗin ya buɗe a karkace yana yoyo. Wadda ta koya mini ba ta yi faɗa ba, sabo ta miƙo mini ta ce in sake. Tantani ma ba ya son daɗewa a matse, shi ya sa a tsarin balan-balan aka ƙayyade kada a wuce minti 15.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin wannan fasaha an yi ta ne don tsofaffin Turai da Amurka, waɗanda bawul ɗinsu ya sandare da kalsiyam, kuma wannan taurin ne ragar ke kamawa. Namu marasa lafiyar a Kano sau da yawa yara ne da 'yan mata, ciwon maƙogwaro da ba a kula ba ya cinye musu bawul, yana yoyo, babu taurin da za a riƙe. A Cape Town, Peter Zilla da abokan aikinsa a Strait Access Technologies sun tunkari wannan kai tsaye: balan-balan mai rami a tsakiya don jini ya ci gaba da wucewa, da hannuwan da ke lalubo mazauninsu da kansu, da bawul na roba da ake fatan zai daɗe a jikin matashi.

Duk sanda na zo gida na bi ta kwatar Ƙofar Mazugal, nakan tsaya in kalli zukatan shanu a kan faifai. Tantanin da muke aunawa da ma'aunin da ya fi gashi siranta yana nan manne da su, mahauci yana ɗaye shi da wuƙa ya haɗa da kayan ciki.