Bayan An Ci Wasa: Yadda Muka Koyi Auna Masu Tsaro a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A daren 22 ga Oktoba 2016, a garin Lubbock na jihar Teksas, ƙungiyar Jami'ar Oklahoma ta doke ta Texas Tech da maki 66 da 59. Kowane ɓangare ya ci yadi 854 a wannan dare. Majefin Texas Tech, Patrick Mahomes, shi kaɗai ya yi jifan yadi 734, kuma duk da haka aka cinye su. 'Yan Oklahoma sun koma gida da nasara, amma babu kocin da ya san aikinsa da zai buɗe baki ya ce masu tsaronsu sun yi abin a zo a gani. Abu na farko ke nan da ake cusa wa duk wanda ya shigo aikinmu na nazarin faifan wasa: allon maki sunan wanda ya ci kawai yake faɗa, sauran bayani sai ka tono shi da kanka.

Ga wanda bai saba da wannan wasa ba, ƙwallon ƙafa irin ta Amurka mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Masu kai hari suna da yunƙuri huɗu su matsa gaba yadi goma, ko da gudu da ƙwallo a hannu ko da jifa. In sun cika goman, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ita ya yi babban ci, maki shida, wanda kuma ya buga ta tsakanin sanduna ya sami uku. Aikin masu tsaro shi ne su hana duk wannan. Tambayar da ta fi shekara ɗari tana ba mu wahala ita ce: da me za a gane sun yi aikin?

Mutanen farko ba su sha wahalar amsa ba. Tun daga wasan da Rutgers da Princeton suka buga ranar 6 ga Nuwamba 1869, da dokokin da Walter Camp na Jami'ar Yale ya kawo a 1880 da 1882 waɗanda suka raba masu hari da masu tsaro a kan layi, ma'aunin guda ɗaya ne: sifili a gefen abokin hamayya. Sai dai sifili ma suna suka tara. A 1916 Georgia Tech ta lallasa ƙaramar kwalejin Cumberland da 222 da nema, kuma wannan bai nuna komai game da tsaronta ba, don ba ta gamu da tsaranta ba. Sifilin da ake girmamawa shi ne irin na Janar Robert Neyland, sojan da ya horar da Jami'ar Tenesi. A kakar 1939 ƙungiyarsa ta buga wasa goma ba wanda ya ci ta ko da maki ɗaya, kuma har yau babu wata babbar jami'a da ta maimaita haka. Amma ranar 1 ga Janairu 1940, a wasan Rose Bowl, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta doke su 14 da nema. Ashe ko tsaron da bai taɓa tsagewa ba, sai an tambayi da wa da wa ya kara.

A 1937 aka fara tattara alƙaluman wasannin jami'o'i a hukumance, aka kuma sami ma'auni na biyu: yadi nawa aka ci ka a kowane wasa. Wannan lissafi ya yi mulki shekaru da dama, kuma a zamaninsa yana da hujja, domin kusan kowa gudu yake da ƙwallo, kuma saurin wasa kusan ɗaya ne. A lokacin ma tsaro bai zama sana'a mai zaman kanta ba. Yaron da ya kai hari shi ne zai juya ya yi tsaro, har a tashi. Fritz Crisler na Mishigan ne ya raba 'yan wasansa gida biyu a 1945, lokacin da zai fuskanci ƙungiyar makarantar sojoji ta West Point wadda ta fi ƙarfin yaransa. A 1953 doka ta taƙaita canjin 'yan wasa, sai a 1965 aka sake buɗe ƙofa gaba ɗaya. Daga nan ne aka sami yaran da ba su da wani aiki sai tsaro, da kociyoyin da ba sa kallon komai sai shi, da ɗakin faifai na musamman.

A wannan ɗaki ne ainihin hukunci yake, da safiyar Lahadi, bayan hayaniyar Asabar ta lafa. Kowane yunƙuri ana kallonsa ta fuska biyu, ɗaya daga gefen fili inda ake ganin mutum ashirin da biyu duka, ɗaya daga bayan sanduna inda ake ganin kowace kafa tsakanin 'yan layi. Koci yana riƙe da takarda mai sunayen yaransa, yana tambaya iri ɗaya a kan kowane: ya tsaya inda ya kamata? Ya san wanda aka ba shi? Ya bi ƙwallo har aka busa usur, ko ya yi sanyin jiki? Sai ya sa alamar yabo ko ta gyara.

Ga misalin abin da ke faruwa a kusan kowane wasa. Mai karɓar jifa ya yi wa mai gadinsa ƙafa, ya wuce shi da taku uku, babu kowa tsakaninsa da layin ƙarshe. Majefi ya saki ƙwallo, ta zarce yatsunsa da kamu ɗaya ta faɗi ƙasa. 'Yan kallo suka yi sowa, takardar alƙaluma ta rubuta jifa bai shiga ba, ɗan jarida ya ƙirga shi cikin nasarorin tsaro. A ɗakin faifai kuwa, koci zai tsayar da hoton, ya mayar da shi baya, ya nuna wa yaron inda idonsa ya bar ƙugun abokin karawarsa ya koma leƙen majefi. Alamar gyara ce babba, domin majefin mako mai zuwa ba lallai ya yi kuskuren ba. A yunƙuri na gaba kuma za ka ga ƙaton da ke tsakiyar layi ya riƙe mutum biyu bai ja da baya ko taku ɗaya ba, wanda ke bayansa ya shigo ta kafar ya kayar da mai gudu. Sunan na bayan za a kira a lasifika, amma alamar yabo ta ƙaton ce.

Alƙaluman hukuma sun daɗe ba su kamo wannan ba. Sai a shekara ta 2000 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara rubuta kayarwar kowane mai tsaro a kundinta, shi ya sa kayar da majefi sau 27 da Derrick Thomas na Alabama ya yi a 1988 ba ya cikin tarihin hukuma. Har yau kuma, a wasan jami'a, in aka kayar da majefi kafin ya yi jifa, yadin da ya rasa daga lissafin gudu ake cirewa. Ƙungiyar da ta iya kamun majefi sai ta fito a takarda tamkar gwanar tare masu gudu, alhali abu biyu ne mabambanta.

Abin da ya kwance wa lissafin yadi zani a kasuwa shi ne sauri. Hal Mumme da Mike Leach sun fara gina salonsu na jifa ba ƙaƙƙautawa a ƙaramar kwalejin Iowa Wesleyan a 1989, Leach ya kai shi Texas Tech a 2000, Chip Kelly kuma ya mayar da Oregon ƙungiyar da ba ta barin abokan karawa su numfasa. Sai ya zama wasu masu tsaro suna fuskantar yunƙuri sittin a wasa, wasu casa'in. Tsaron Alabama na 2011 a ƙarƙashin Nick Saban, wanda ake ci maki 8.2 kacal a kowane wasa, wanda kuma ya hana Jami'ar LSU ko maki ɗaya a wasan ƙarshe na 9 ga Janairu 2012, gagarumi ne ta kowace fuska. Amma a ɗauki jimillar yadinsa a gwada da ta ƙungiyar da ke karawa da masu jifa kowane mako, kamar a gwada ribar mai shago a bakin tasha ne da ta mai shago a lungu ba tare da an tambayi mutum nawa ke wucewa ta ƙofar kowannensu ba.

Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Manazarta irin su Bill Connelly da Brian Fremeau suka fito da ma'aunai masu duba kowane yunƙuri da kowane riƙon ƙwallo. Connelly yana ɗaukar yunƙurin farko a matsayin nasarar masu hari in sun ci rabin yadin da suke nema, na biyu in sun ci kashi 70 cikin ɗari, na uku da na huɗu sai sun cika duka. Ana cire mintunan ƙarshe na wasan da aka riga aka yi wa fintinkau, lokacin da 'yan benci ne ke fili. Ana auna ƙarfin abokin karawa. An kuma gano wani abu mai ɗaci ga magoya baya: in ƙwallo ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, kusan rabi da rabi ne wanda zai ɗauke ta, don haka tsaron da ya rayu da tsintuwa a wannan mako yana iya wayar gari babu ita a na gaba. A 2014 kamfanin Pro Football Focus ya fara ba kowane ɗan wasan manyan jami'o'i maki a kan kowane yunƙuri, aikin da a da sai a bayan ƙofar kociyoyi ake yinsa.

Kakar Oklahoma ta 2019 ta tara duk waɗannan darussa wuri guda. A Oktoba 2018, bayan Jami'ar Teksas ta ci su 48 da 45, an sallami mai kula da tsaro, Mike Stoops. Koci Lincoln Riley ya ɗauko Alex Grinch, wanda ya zo da wa'azin sauri da ƙwace ƙwallo. Ranar 12 ga Oktoba 2019, a Dallas, suka doke Teksas 34 da 27, suka kayar da majefinta Sam Ehlinger sau tara. Aka yi ta shelar cewa an gyara tsaro. Mako biyu bayan haka Kansas State ta zura musu maki 48 ta cinye su. A Nuwamba, Baylor ta yi musu zarra 28 da 3, suka farfaɗo suka ci 34 da 31, ba a ci su ko ɗaya ba bayan hutun rabin lokaci. Yabo ya sake tashi, ko da yake masu harin Oklahoma ne suka riƙe ƙwallo mafi yawan wannan rabi, Baylor ba ta samu yunƙuri da yawa ba. Sai ranar 28 ga Disamba a Atlanta, Joe Burrow na LSU ya jefa babban ci bakwai kafin a tafi hutu, aka tashi 63 da 28.

To, an samu ci gaba ko ba a samu ba? An samu. Yaran sun fi na kakar 2018 sanin wuraren tsayuwarsu, sun fi matsa wa majefi, yadin da ake ci su ya ragu sosai. Sun tashi daga sahun ƙarshe zuwa tsaka-tsaki, kuma wannan aiki ne na gaske. Wasan Dallas ya sa an ɗaga su sama da matsayinsu, wasan Atlanta, inda suka gamu da ƙungiyar da ta gama kaka da nasara 15 babu faɗuwa, su kuma babu wasu manyan masu tsaronsu, ya sa an jefar da su ƙasa da shi.

Ƙungiyar Jami'ar Jojiya ta 2021 ta nuna ɗaya fuskar. Maki 83 kawai aka ci ta a wasanni goma sha biyu. Ranar 4 ga Disamba Alabama ta doke ta 41 da 24, majefinta Bryce Young ya yi jifan yadi 421, nan take aka fara cewa ashe dama raunana take samu. Ranar 10 ga Janairu 2022 suka sake haɗuwa a Indiyanapolis, Jojiya ta ci 33 da 18, babban ci ɗaya tak Alabama ta samu. Mai adalci zai ƙara da cewa Alabama ta rasa manyan masu karɓar jifanta biyu saboda rauni. Zai kuma tuna cewa a watan Afrilu ƙungiyoyin ƙwararru na NFL sun ɗauki masu tsaron Jojiya biyar a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, cikinsu har da Jordan Davis, ƙaton tsakiyar layi wanda alƙalumansa ba su taka kara sun karya ba, amma ya lashe kyautar Bednarik ta gwarzon mai tsaro.

Shi ya sa in aka ci wasa aka tambaye mu ko tsaro ya gyaru, mukan nemi a ba mu lokaci. Muna so mu san da wa aka kara, sau nawa ya riƙe ƙwallo, maki nawa ya samu a kowane riƙo. Muna ƙirga kayarwar da ta kuɓuce, da manyan tsallake na yadi ashirin ko fiye, da sau nawa aka tare su a yunƙuri na uku. Sama da duka, muna duba ko kuskuren makon jiya ya sake fitowa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kocin da za a kara da shi a gaba yana kallon faifan da muke kallo.

Wannan taka-tsantsan hakki ne a kanmu. Yaran nan 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai ne, ɗalibai ne, kuma abin da aka rubuta a kansu yana bin su aji, yana isa wayoyin iyayensu, yana shafar makomarsu a wasa. Wanda ya kambama su bayan nasara guda, shi ne zai fara jifansu bayan faɗuwa guda. Duk mai son ya yi musu adalci, ya bari a buga wasa uku ko huɗu, a cikinsu har da abokin karawa mai ƙarfi, ya kalli faifan kowanne, sannan ya yanke hukunci.