Taurin ƙarfe da yadda layin dogo da ƙafafun jirgin ƙasa ke cin juna

Mazauna Lugbe da ke kan hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja suna maƙwabtaka da layukan dogo guda biyu. Na farko shi ne na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda ya tashi daga Idu zuwa Rigasa, aka kuma ƙaddamar da shi a watan Yulin 2016. Na biyu shi ne na jirgin cikin birni da ke bi ta Idu zuwa filin jirgin, wanda aka buɗe a 2018, aka sake farfaɗo da shi a watan Mayun 2024. A kan dukkansu, ƙarfe ne ke tafiya a kan ƙarfe, kuma kowace tafiya tana rage wani abu daga ɓangarorin biyu.

Wurin da ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai wuce faɗin ƙwandala ba, amma a nan ne nauyin tan da dama ke sauka. Cinyewar ta fi tsanani a kan kwana, inda leɓen ƙafar ke gogar gefen dogo. Idan gefen ya zaizaye ko leɓen ya sirance fiye da ƙima, haɗarin kaucewar jirgi daga layi yana ƙaruwa.

Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin da injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, ya gabatar a 1900. Ana danna ƙwallo mai tauri a jikin ƙarfen, sannan a auna faɗin ramin da ya bari. A tsarin Turai, dogon da aka saba amfani da shi, R260, yana da tauri 260 zuwa 300, shi kuwa R350HT da aka gasa samansa yana kai wa 350 zuwa 390. Ƙa'idar da masani John Archard ya wallafa a 1953 ta nuna cewa gwargwadon taurin ƙarfe, gwargwadon raguwar cinyewarsa. Shi ya sa ake shimfiɗa dogo mai tauri a kwanoni masu tsanani.

An daɗe ana fargabar cewa dogo mai tauri zai riƙa cinye ƙafafun jirgi, kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin wuƙa. Akasarin gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da wannan fargaba ba. Da zarar dogo ya fi ƙafa tauri, ƙara masa tauri ba ya ƙara cinyewar ƙafar sosai. Hasali ma, dogon da ya riƙe siffarsa yana sa ƙafa ta zauna daidai, gogayya ta ragu.

Matsalar tana wani wuri dabam. Yawan wucewar jirage yana haifar da ƙananan tsage-tsage a saman dogo. A kan ƙarfe mai ɗan laushi, cinyewar yau da kullum takan share su tun suna ƙanana. A kan mai tauri kuwa, tsagar da ta samu shiga tana iya daɗewa ta nutsa ciki har dogon ya karye, alhali a ido lafiya lau yake. Don haka ake bin layi da injin da ke goge saman dogo, a duba cikinsa da na'urar sauti, ƙafafun kuma a mayar da su kan injin sassaƙa domin dawo da siffarsu.

Yanayin Najeriya yana da nasa tasiri. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen dogo tauri, saboda haka ƙurar hunturu da ta shiga tsakanin ƙafa da dogo tana kankare su biyun. Man da ake shafawa a gefen dogo a kwana yana rage gogayya, amma idan ya cakuɗe da yashi sai ya koma abin kankara, dole a riƙa tsabtace wurin ana sabunta shi.