Daga Kanu Zuwa Mikel: Yadda Ƙwallon Turai Ta Ƙwace Mana 'Yan Kallo

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a yammacin Asabar, zai ga samari sun yi cincirindo a ƙofar rumfunan kwano, janareto na ta kuka. A da, fim ɗin Indiya ko na Hausa ake sakawa a irin waɗannan gidajen kallo. Yanzu kuwa ƙwallo ce. To, yaya aka yi aka zo nan?

Sai mu koma 1996, lokacin da Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik a Atlanta, Nwankwo Kanu ya zama gwarzo. Da ya koma Arsenal a 1999, sai jama'a suka bi shi ɗungurungum. A kakar 2003/2004 kulob ɗin ya ɗauki kofin Firimiya ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, daidai lokacin da dish ke shiga garuruwanmu. Kanu ya bar Arsenal a 2004, amma magoya baya suka zauna daram. Sama da shekara ashirin suka yi suna jiran wani kofin Firimiya, ana yi masu dariya a majalisa, ba su gudu ba.

Ƙannensu kuma Mikel Obi ne ya ja su Chelsea a 2006. Ina cikinsu. Ba na mance daren 19 ga Mayu, 2012, a wani gidan kallo a Kurfi, da Drogba ya farke ƙwallo a minti na 88, aka kuma doke Bayern Munich a bugun fanareti. Wani abokina ɗan Arsenal ya yi kwana uku ba ya gaishe ni.

Wannan zuriya ce ta cika Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ɗalibi zai zo daga Kaduna ko Binuwai bai san kowa ba, amma da ya sa rigar Man United, ya yi 'yan'uwa. Ka saurari maganarsu: "mun ci", "sun cuce mu", "mun sayi ɗan wasa". Mutumin da bai taɓa ganin Ingila ba ke nan. Ba a son kulob don yana ci. Ana son sa ne don da shi aka taso, kuma barin sa tamkar fita daga dangi ne. Mu 'yan fim mun san irin wannan, don mun ga yadda masoyan jarumai ke kare gwaninsu ko da fim ɗin bai yi kyau ba.

Abin da ke damu na shi ne na gida. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Katsina United na nan kusa, a filin wasa na Muhammadu Dikko. Amma ka tambayi ɗalibi sunan 'yan wasanta uku, ka ji shiru.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Furodusoshinmu da masu kulob duka su tambayi kansu: me Bature ya ba yaron nan duk Asabar, wanda mu muka kasa ba shi?