Tseren Da Masu Ƙera Babura Suka Tsayar Da Kansu

Jama'a, tun da ake ta gardama kan manyan baburan nan da ke ruri da daddare a titunan Abuja, wasu na cewa sha'awa ce, wasu na cewa ganganci ne, bari in ɗan koma baya. Tambayar ita ce, shin mai hawa titi na yau da kullum yana buƙatar wannan ƙarfin kuwa? Ni dai a ganina masu ƙera su ma sun daɗe da ba da amsa.

A 1969 Honda ta fito da CB750, mai ƙarfin doki kusan 67, yana taɓa kilomita 200 a awa. A lokacin kallon dodo ake masa. To daga nan fa kamfanonin Japan suka shiga rige-rige, kowa na son a ce nasa ne sarkin gudu. Kawasaki ta riƙe kambun da ZZ-R1100 daga 1990. A 1996 Honda ta ƙwace da wani da ta sa wa suna Super Blackbird, wato baƙin tsuntsu.

Sai Suzuki ta yi musu ta 'yan duniya. A 1999 ta fito da Hayabusa, inji mai cc 1,299, ƙarfin doki sama da 170, gudunsa ya haura kilomita 300 a awa. Sunan ma habaici ne, don hayabusa da Japananci wani irin shaho ne, shaho kuwa kowa ya san tsuntsaye yake kamawa. Kun ga ke nan ba zancen kai mutum wurin aiki ake ba, zancen nuna isa ne.

Nan ne aka tsorata. Raɗe-raɗi ya bazu cewa hukumomin Turai na iya hana shigo da irin waɗannan babura. Kafin a kai ga haka, sai kamfanonin suka fahimci juna a tsakaninsu, ba doka, ba kotu, cewa daga wajajen 2000 zuwa 2001 ba za su sayar da babur na titi da ya wuce kilomita 299 a awa ba. Suka sa na'urar da ke daƙile injin idan ya kai nan. Wallahi wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki a labarin: mai kaya da kansa ya ɗaure kayansa.

Faransa kuwa tun tsakiyar shekarun 1980 ta ƙayyade wa babura ƙarfin doki 100, kuma ba ta janye ba sai 2016. Har yau a Tarayyar Turai akwai lasisin A2 da ba ya barin mai shi ya hau abin da ya wuce doki 47, sai ya goge tukuna.

Masu hawa za su ce ai ƙarfi kariya ne, idan za ka wuce tirela gara ka wuce ta da sauri. Na yarda, akwai gaskiya a ciki. Amma babur mai doki 50 ko 70 ya isa ya yi wannan har da rara. Hayabusa a giya ta ɗaya kaɗai ya wuce kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun ƙaramar mota a manyan hanyoyinmu. Sauran giya biyar ɗin a ina za a yi amfani da su? A kan ramukanmu, ko tsakanin awaki da masu tsallaka titi?

Shi kuwa babur ɗin da ya fi kowane ɗaukar mutane a tarihi, Honda Super Cub ne. Ya fito a 1958 da ɗan inji mai cc 49, ƙarfinsa bai kai doki 5 ba, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Boxer ɗin ɗan acaɓa ma bai kai doki 10 ba, ga shi yana jan mutum uku da buhun masara daga kasuwar ƙauye zuwa gida.